Neman kalma: narka dalma a zuba ta zama harsashi, me sunan wannan aiki da Hausa?

Salamu alaikum masu sha'awar harshe. Yau ma na zo da guzurin gardama.

Daren jiya ƙanena ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp, wai in faɗa masa abin da ake cewa a ciki. Wani dattijo ne Ba'amurke, gemu fari fat, yana zaune a garejin gidansa gaban wata 'yar tukunya mai aiki da lantarki. Tukunyar cike take da narkakkiyar dalma, tana ƙyalli kamar madubi. A hannunsa akwai wani ƙarfe mai ɓari biyu da mariƙin katako, kamar awartaki. Sai ya tara shi a ƙarƙashin tukunyar, dalma ta tsiyaya ciki, ya ɗan dakata, ya ƙwanƙwasa da 'yar sanda, ya buɗe, sai ga kawunan harsashi sun gangaro kan tsumma suna sheƙi. Ba sana'arsa ba ce. Abin ɗebe kewa ne, kamar yadda wani a nan zai yini wajen tantabarunsa. A can ƙasarsu kamfanoni irin su Lyman da Lee da RCBS suna sayar da kayan aikin a fili, kuma mutumin yana yi wa sababbin shiga bayani ne.

Su suna kiran abin "bullet casting". Na rubuta wa ƙanen nawa "ƙera harsashi", na tura, sannan na kwanta raina bai kwanta ba. Ƙira ai duka ce. Akwai uwar maƙera, akwai masaba, akwai zugazugi, ƙarfe ya yi ja a doke shi har ya bi. Wannan dattijo bai doki komai ba, zubawa kawai ya yi ya jira.

Kafin wani ya ce Malam ya buɗe makarantar makamai: a'a. Abin da ya halatta a garejin Ba'amurke, a nan laifi ne mai kai mutum gidan yari. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana kowa haɗa bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma masana'antar da gwamnati ta kafa don wannan aiki ita ce DICON ta Kaduna, tun 1964. A halin da Arewa take ciki ma ba sai an yi dogon bayani ba. Kalma nake nema, domin mai fassara labarai yana cin karo da ita, kuma kullum "ƙera" muke jefawa mu wuce. Abu uku nake so: sunan aikin, sunan wannan ƙarfe da ake zubawa a ciki, da sunan abin da ke fitowa. Ga amsoshin da masu karatu suka aiko, da nawa martanin a tsakani.

Mai zubin tukwane, bayan kasuwar Muda Lawal, Bauchi:
Malam, ai kalmar tana hannunmu, ba a tambaye mu ba ne. Zubi ake cewa. Mu gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan mota na alminiyon muke narkawa. A danna samfurin tukunya cikin ƙasa mai danshi, a cire shi, gurbinsa ya zauna, a zuba narkakken ƙarfe ta 'yar ƙofa. In ya huce a fasa ƙasar, ga tukunya. Ko a wajen iyayenmu, ƙirar baƙi daban, ƙirar zubi daban. Wanda ya ce na ƙera tukunya bai yi ƙarya ba, amma wanda ya ce na zuba ta shi ya san aikin.

Na gode, Baba. Kun ga abin da nake faɗa kullum ke nan: muna tsallake maƙera mu tafi ƙamus. Kuma aikinku ya fi na Ba'amurken wuya nesa ba kusa ba, don alminiyon sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa, dalma kuwa a 327 ta sallama. Shi ya sa ko murhun gawayi yana narka ta. To, mu ce "zubin harsashi"?

Wata malamar makaranta, Gwallameji:
Malam, ni dai in na ji "zubi" adashi ne ke faɗo mini. Zubin harsashi, sai ka ce 'yan bindiga ne suka kafa adashi, kowa yana kawo goma goma ranar Juma'a. Ban da wasa kuma, in aka ce "an zuba harsashi" a rediyo, mai sauraro zai ɗauka an buɗe wa mutane wuta ne, ko an ɗura wa bindiga. Ba wanda zai kawo tukunya a ransa.

Malama, ta adashin ba ta dame ni ba, don magina ma suna zubin kankare, ba wanda ya taɓa tambayar su wa zai kwasa. Amma ta biyun kin kama ni. "Sun zuba masa harsashi" magana ce da kowa ya sani, kuma tana kusa da wannan ƙwarai. Ke nan dole dalma ta fito a cikin sunan, ko kuma mu gyara kalmar harsashin kanta.

Tsohon ɗan sanda, Yelwa:
Nan ne gizo yake saƙa. Abin da jama'a ke kira harsashi a yau abu huɗu ne a haɗe: kwanso, garin albarushi a cikinsa, 'yar hular da ke gindi wadda ake bugawa ta tayar da wuta, sai ƙwayar da ke baki. Ƙwayar ce kaɗai ke fita. Kwanso a ƙasa yake faɗuwa, shi muke tsinta a wurin da aka yi harbi. Dattijon naka ƙwaya kawai yake yi. In ka ba shi buhu guda na abin da ya zuba, ba kwanso ba gari, duwatsu ne kawai masu nauyi. Don haka in ka ce yana yin harsashi ka ƙara masa matsayi.

Maharbi, ƙasar Alkaleri:
Ranka ya daɗe, a wajenmu kuwa ƙwayar ita ce harsashin. Bindigar toka ba ta san kwanso ba. Ta baki ake ɗura mata, albarushi daban, harsashi daban, kowa da jakarsa. Ku mutanen gwamnati ne kuka zo da naku a ɗinke kuka ƙwace sunan.

Malamin Larabci, Jahun:
Maharbi ya fi kusa da asali. Kalmar harsashi daga Larabci muka aro ta, "ar-rasas", kuma ma'anarta a can ita ce dalma. Har yau Balarabe da kalma ɗaya yake kiran ƙarfen da abin harbin. Albarushi daga "al-barud" ne, wato garin. Bindiga daga "bunduƙiyya". Ke nan duk wanda ya ce "harsashin dalma", in aka bi salsala, dalmar dalma ya ce.

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Wannan ta biya ni wahalar yau gaba ɗaya. Ku duba yadda kalmomin suka yi ta zamewa: harsashi ya tashi daga sunan ƙarfe ya koma sunan ƙwaya, daga nan ya haɗiye kwanso da gari. Shi kuma albarushi, da aka yi masa jam'i ya zama "alburusai" a bakin 'yan jarida, sai ya bar gari ya koma nufin harsasai ɗungurungum. Za ka ji an ce an kama mutum da alburusai 200, kuma ba wanda ke nufin gari. Ba za mu iya mayar da hannun agogo ba. Mai sauraro na yau in ya ji harsashi, na ɗan sanda yake gani, ba na maharbi ba. Saboda haka ina tare da "ƙwayar harsashi" a matsayin sunan abin da ke fitowa. Wani ya rubuto mini a gefe cewa "kan harsashi" ya fi, amma gwada shi a jimla: "an kama shi a kan kan harsashi". Harshe yana tuntuɓe.

Ɗalibin ilimin ma'adinai, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU):
Malam, ita dalmar ma fa ba ta tsira ba. A tsohuwar Hausa tana ɗaukar ƙarfe biyu. A yammacin ƙasar Bauchin nan akwai Liruwen Dalma, garin da ya yi suna wajen narka ma'adini tun kafin zuwan Turawa, suna fitar da shi sirara sirara kamar tsinke, fatake suna saye. Abin da suke narkawa kuza ne, irin wanda daga baya Turawa suka haƙa a Jos, amma sunan garin dalma ya ce. Yanzu an raba: kuza shi ne fari mara nauyi sosai, mai narkewa a digiri 232, dalma ita ce mai nauyi mai duhu ta cikin batirin mota. Kuma masu wannan abin a Amurka ba zallar dalma suke zubawa ba, don ta cika laushi, da farce ma ana yi mata zane. Suna garwaya ta da kuza da wani ƙarfe, antimoni. Shi wannan na ukun a bar shi da sunansa. Wasu ƙamusoshi sun fassara shi da tozali, alhali tozalin dutse da ake niƙawa a nan galibi ma'adinin dalma ne.

To ga shi, ashe zubin ma gadonmu ne a Bauchi. Na karɓi antimoni yadda yake, ba kowace kalma ce sai an yi mata riga ba.

Saura ƙarfen da ake zubawa a ciki, wanda suke kira "mould". Na fara da "mazubi", amma mazubi ya riga ya yi aure: kwano mazubi ne, buhu mazubi ne, ledar kanti ma mazubi ce. Ba ya nuna cewa abin da aka zuba zai ɗauki siffar wurin.

Mai masa, bakin Wunti:
Ɗana, kuna ta wahala. Abu mai gurabu, a zuba ruwa-ruwa ya fito da siffar gurbin, ai tanda ke nan. Shekara nawa ina wannan aiki. Na ga bidiyon a wayar jikata, nasa gurbi shida ne kacal, tawa ta fi tasa.

Inna, wallahi na yi dariya har yara suka leƙo. Kuma ba wasa ba ne, hoton ya zauna daram: duk ɗan Bauchi da ya ji "tandar harsashi" zai gane nan take. Inda ta gaza shi ne, tanda a buɗe take, ana juya masa a cikinta, shi kuwa wannan ɓari biyu ne da ke haɗuwa su rufe ruf, sai 'yar ƙofa a sama. Sannan ba na son ranar da za a karanta a labarai cewa an kama mutum da tanda, a shiga kamen masu masa. Ina ganin "gidan zubi" ya fi. Hausa ta saba ba wa abin da ke rungume wani abu sunan gida, kuma zai yi wa mai tukwane aiki, ya yi wa mai bulo, ya yi wa maƙerin azurfa.

Mai zubin tukwane ya ƙara mini biyu ta saƙon murya. Dattin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe ana kwashewa, ya ce kashi ne, kamar yadda ake cewa kashin maƙera. Ɗan guntun da ke daskarewa a bakin ƙofar zubi kuwa, wanda Ba'amurken ke ƙwanƙwasawa ya gutsure, shi wutsiya yake ce masa. Ni na so a ce cibiya, tunda ta nan aka ciyar da abin kuma yanke ta ake yi bayan haihuwa. Amma mai aiki ya riga ni, na bar masa wutsiyarsa.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Malam, duk sunan da za ku sa, kada ku jefar da kalmar dalma daga ciki. Mutanenmu sun fara sanin "gubar dalma" tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Ba ta da wani ɗan ƙaramin adadi da za a ce ba ya cutar da yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ƙurarta tana bin tufafi da hannu har cikin kwanon tuwo. In sunan ya ɓoye ta, an ɓoye gargaɗin.

Gaskiyarki, 'yar uwa. Ni shaida ne. Muna aji biyar na firamare muka samo mataccen batirin mota a bayan garejin wani makanike, muka fasa, muka zaro farantan ciki. Wai za mu yi abin nauyin ƙugiya mu je kamun kifi madatsar ruwa ta Gubi, irin wanda masunta ke ɗaura wa bakin birgi. A gwangwanin tumatir muka narka, kan murhun gidanmu, inda ake dafa mana abinci. Muka haƙa 'yan ramuka a ƙasa, kuma don wayo sai wani cikinmu ya yayyafa musu ruwa wai kada su rushe. Ina zubawa sai ji na yi fat! Dalma ta yi tsalle ta watsu, ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannuna na hagu. Tabon yana nan, kamar ƙwayar gero. Dukan da na sha a ranar saboda ƙonuwar ne. Hayaƙin da muka shaƙa da murhun da muka ɓata, ba wanda ya san ma abin magana ne.

Don haka ga abin da zan mayar wa ƙanena, kuma shi zan riƙa amfani da shi: aikin gaba ɗaya "zubin dalma", in ana son a fayyace a ce "zubin ƙwayar harsashi da dalma". Ƙarfen "gidan zubi". Mai yi "mai zubi", ba maƙeri ba.

Tsohon ɗan sanda, Yelwa:
Ya yi. Amma a takardar tuhuma "ƙera" za a ci gaba da rubutawa, ka sani.

Mai masa, bakin Wunti:
Ku rubuta gidan zubinku. Ni dai in jikata ta sake nuna mini, tanda zan ce.