Ina ake samun taron masu son daina shan giya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don kaina ne, ba don wani ba. Giya ta fi ƙarfina. An ce akwai tarukan da masu irin matsalata ke yi suna taimakon juna. Ta ina ake samunsu, kuma me ake yi a ciki? Babban tsorona kada in shiga in tarar da idon sani.

Babban Yaya: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yaye maka. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Alcoholics Anonymous, wato AA. Bill Wilson da Dokta Bob Smith ne suka fara shi a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, su biyun duka mashaya ne da suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa kwalba. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, a ce kana son dainawa. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Ka duba shafinsu na intanet ko manhajar Meeting Guide. In babu taro kusa da kai, shafin Online Intergroup na AA yana da jerin tarukan Zoom dare da rana.

Anti Nas: Kafin a yi nisa, ɗana, kullum kake sha? Hannunka na rawa da safe in ba ka sha ba? In haka ne, don Allah kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai. Jikin da ya saba da giya yakan fara rawa da zufa cikin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Wasu sukan yi farfaɗiya, wasu kuma bayan kwana biyu zuwa uku su shiga ruɗewa da gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. Ka fara ganin likita, ka faɗa masa gaskiyar yawan abin da kake sha. Akwai kuma magunguna irin su naltrexone da acamprosate masu taimakawa wajen hana komawa. 'Yan taro ba likitoci ba ne, su ma haka za su gaya maka.

Mai tambaya: Kullum ne Anti. Rawar hannun ma akwai.

Anti Nas: To asibiti tukuna, gobe in da hali.

Tsohon ɗan taro: Maganar idon sani, duk wanda ka gani a ɗakin nan abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, kuma asirinsa na hannunka kamar yadda naka ke hannunsa. Sunan farko kawai ake faɗa. Taron iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya zuwa har da dangi, da rufaffe, na masu matsalar shan kaɗai. Kai rufaffen zai fi kwantar maka da hankali. Yawanci awa ɗaya ne. A karanta wani abu daga littafinsu, sai mutane su riƙa ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ba mai katse wani, ba mai yi wa wani wa'azi. In an zo kanka ka ce yau sauraro kawai za ka yi, shi ke nan an wuce. A Zoom kuma tarukan da yawa suna barin mutum ya kashe kyamara. Abin da ya fi riƙe ni shi ne ba a ce ka yi alkawarin har abada ba, yau kaɗai ake ce ka tsallake.

Malam Ɗalibi: Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne matakai 12 ɗin nan da 'yan AA ke bi don daina sha, waɗanda ke maganar miƙa wuya ga wani iko da ya fi ka. Bai ci karo da aƙida ba?

Babban Yaya: Lafazinsu shi ne Allah kamar yadda kai ka fahimce shi, ba sa ɗora wa kowa addini. Amma wasu tarukan sukan rufe da addu'ar Kirista, in bai kwanta maka ba ka yi shiru ko ka canza taro. Akwai Millati Islami da aka kafa a Baltimore a 1989, sun gina matakan a kan koyarwar Musulunci. Akwai kuma SMART Recovery tun 1994, su babu maganar addini, dabarun sarrafa tunani da sha'awa suke koyarwa.

Wata 'yar'uwa: Mata ku nemi taron mata zalla, akwai su. Kuma in namiji ya fara nacin neman lambarki bayan taro, ki gaya wa mai jagorantar zaman. Wanda zai zama jagoranki a matakan, ki zaɓi mace wadda ta daɗe ba ta sha ba.

Uwargida: In kana da iyali ka gaya musu Al-Anon, tun 1951 ake yinsa don matan mashaya da iyayensu da 'ya'yansu. Mu ma muna buƙatar inda za mu sauke abin da ke ranmu.

Tsohon ɗan taro: Ƙari ɗaya. Kada ka yanke hukunci da zaman farko, kowane taro da irin mutanensa. Ka gwada wurare daban-daban. In kuma ka zame ka sha, ka koma washegari, ba mai korar ka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Da safe zan je asibiti. Yaya, zan iya shiga na Zoom ɗin daren nan ko da na sha yau?

Babban Yaya: Shiga, ka saurara kawai.