Yaya ake cire kantar da ruwa mai zartsi ke bari a masai?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan al'amari, domin ya fara fin ƙarfina. Ruwan da muke amfani da shi a gida yana da zartsi, sabulu ba ya kumfa da shi yadda ya kamata, kuma duk inda ya ɗiga ya bushe sai ya bar farin tabo. A cikin masai abin ya fi muni. Akwai wani zobe ruwan ƙasa daidai inda ruwa yake tsayawa, can ƙasa kuma datti ya yi kanta har ana jin kaushinsa a bakin buroshi, sannan ga wani layi da ya sauko ta baya daga ƙarƙashin bakin masan. Nakan zuba bilic in bar shi ya kwana, da safe wurin ya yi haske, amma ba a daɗewa launin yake dawowa, kaushin kuwa ko kaɗan bai ragu ba. Wasu sun ce in kankare da soson ƙarfe, wasu kuma sun ce in nemi ruwan batir in zuba. Ina jin nauyin baƙo ya shiga ya zaci ƙazanta ce, alhali kullum sai na wanke. Mene ne ainihin wannan abu, kuma me zai cire shi ba tare da ya lalata tangaran ɗin ba?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, abin da kike gani ba shi da alaƙa da rashin tsafta, ma'adinai ne da ruwan yake ɗauke da su. Ruwan da ya ratso ta cikin duwatsun farar ƙasa yana narkar da sinadaran kalsiyam da maganiziyam, kuma duk lokacin da ya bushe a kan wani abu sai ya bar su a wurin, su daskare, akasarinsu su zama kalsiyam kabonet, wato ainihin abin da ya haɗa dutsen da suka fito daga cikinsa. Asalin launinsa fari ne ko toka-toka. Launin ruwan ƙasa da kike gani yana zuwa ne daga ɗan ƙarfen da ke cikin ruwan, da gishirin fitsari, da dattin da kantar ke kamawa saboda kaushinta. Masu auna ruwa suna ɗaukar wanda ya wuce miligiram 120 na wannan ma'adini a kowace lita a matsayin mai nauyi, wanda ya haura 180 kuwa mai nauyi ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga wajen miligiram 200 ana iya fara ganin kanta a bututu da kayan ruwa.

Dalilin da ya sa bilic bai yi miki aiki ba shi ne, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da kawar da launi, ba shi da ikon narkar da dutse. Yana faranta fuskar kantar ne kawai, ita kuwa tana nan zaune tana jiran sabon datti. Abin da ke narkar da ita tsami ne, wato asid, kuma ba sai mai ƙarfi ba. Farin ruwan khal, wanda yawanci kashi 5 cikin 100 ne tsaminsa, yana isa ga kanta mai sauƙi, amma ga irin wadda kika siffanta na fi son garin sitirik asid, wato irin tsamin da ke cikin lemun tsami, saboda ya fi shi ƙarfi kuma ba shi da wari.

Inda mutane da yawa suke faɗuwa shi ne zuba maganin a cikin ruwan da ke masan, ya tsarke har ƙarfinsa ya tafi. Ki fara rufe makunnin da ke kai ruwa tanki, ki ja ruwa sau ɗaya, sannan ki sa safar hannu ki kwashe wanda ya rage da ƙaramin mazubi ko soso har ƙasan ya bayyana. Ki narkar da garin a ruwa mai ɗumi, kamar babban cokali uku zuwa huɗu a kowace lita, ki zuba har ya rufe zoben nan gaba ɗaya. Kada ruwan ya zama tafasasshe, domin zafi kwatsam yana iya tsaga tangaran. Ƙarƙashin baki da gefen da ruwa ba ya tsayawa kuwa, ki jiƙa takardar bayan gida da maganin ki manna ta a wurin, ita za ta riƙe tsamin a kan kantar. Za ki ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin tabon, wannan iskar kabon dayoksaid ce, alamar dutsen yana narkewa. Ki bar shi ya kwana, da safe ki cire takardar ki jefa a shara, ki goge da buroshi mai tauri, sannan ki buɗe ruwa. Idan kantar ta shekaru ce, ba za ta fita dare ɗaya ba, sai kin maimaita, kowane karo tana ƙara laushi tana ɓarewa.

Amsa ta biyu:

Na yarda da bayanin Malam, sai dai akwai gargaɗin da nake ganin ya kamata ya zo kafin komai, tunda Malama ta ce ta saba zuba bilic. Kada a kuskura bilic ya haɗu da kowane irin asid, ko da ruwan khal ne, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba, wadda take ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a ɗan ƙaramin banɗaki da ƙofa a rufe tana iya kai mutum asibiti. Kafin ki zuba tsami, ki ja ruwa sosai har ki tabbata babu sauran bilic, kuma idan akwai irin ƙwayar nan mai bilic da ake jefawa cikin tanki, ki cire ta tukuna. Ki buɗe taga, ki sanar da mutanen gida cewa akwai magani a masan, musamman saboda yara.

Haka kuma ana yawan cewa a haɗa ruwan khal da bekin soda. Kumfar da suke yi tana burge ido, amma ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya ne, abin da ke saura bai wuce ruwa mai ɗan gishiri ba.

Amsa ta uku:

Ni aikin famfo nake yi, kuma ina son in ja hankalin 'yar'uwa ga abin da ta ambata a ƙarshe, wato layin da ya sauko daga ƙarƙashin baki ta baya. A mafi yawan lokuta wannan layi shaida ce cewa tankin yana yoyo a hankali zuwa cikin masan. Robar da ke toshe ƙasan tanki takan tsufa, ko kanta ta hau bakinta ta hana ta zama daidai, ko kuma abin da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika ya daina rufewa sosai, sai ruwa ya riƙa silalowa dare da rana ba tare da an ji ƙararsa ba. Duk ɗigon da ya bi ta nan yana ajiye nasa ma'adinin a hanya ɗaya, don haka ko kin wanke ya fita tas, zai dawo muddin ba a gyara yoyon ba. Gwajin ba shi da wuya. Ki ɗiga ɗan launi a cikin tankin, kada kowa ya ja ruwa na tsawon minti 20 zuwa 30, idan kika ga launin ya bayyana a cikin masan, to yoyon ya tabbata, kuma galibi robar ce take buƙatar sauyi. Ki kuma leƙa ƙarƙashin bakin da ƙaramin madubi, za ki ga ƙananan ramukan da ruwa ke fitowa. Idan kanta ta toshe wasu daga cikinsu, ruwa ba zai wanke ko'ina daidai ba, kuma ana iya buɗe su da tsinken roba bayan tsami ya tausasa su.

Game da sitirik asid, ba na musun amfaninsa, amma na sha ganin kantar da ta yi kaurin da ba ya iya mata sai an ɓata kwanaki. A irin wannan hali akwai magungunan wanke masai da ake sayarwa masu ɗauke da haidirokulorik asid, galibi kusan kashi 10 cikin 100, kuma suna cin kanta cikin ɗan lokaci. Sharaɗinsu shi ne safar hannu, da abin kare ido, da iska mai shiga da fita, da bin abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba tare da ƙara lokaci ba. Kada ya taɓa ƙarfen famfo mai sheƙi ko daɓen mabul, domin yana cinye su nan take, kuma kada a zuba shi cikin tanki, inda roba da ƙarfe suke. Wanda masansa ke zuba a ramin gida ya rage yawan amfani da shi, saboda ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a ramin ba sa jure asid mai yawa.

Ruwan batir kuwa ki manta da shi gaba ɗaya. Yana ƙona fata da tufafi, kuma bai ma dace da aikin ba, domin idan ya haɗu da kalsiyam yana samar da wani gishiri mai wuyar narkewa da ke rufe fuskar kantar. Soson ƙarfe da wuƙa ma haka, suna karce sheƙin tangaran su bar baƙin zane, kuma wurin da ya karce ya fi saurin kama sabuwar kanta. Idan akwai ragowar da ta ƙi fita, dutsen goge kaushi mai laushi ya fi, da sharaɗin ki jiƙa shi ki jiƙa wurin, ki goga a hankali a kan kantar kaɗai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin launin kamar yadda Malam mai aikin famfo ya ce, kuma ya fito a cikin masan, don haka zan sa a sauya robar kafin in shiga aikin wankin. Abin da ya rage mini shi ne, bayan kantar ta fita, ta yaya zan hana ta dawowa tunda ruwan ba zai canza ba? Kuma shin wannan ruwa yana da illa ga masu shansa?

Amsa ta huɗu:

Malama, kalsiyam da maganiziyam da ke sa ruwa nauyi ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya, ma'adinai ne da jiki ma yake buƙata. Amma zartsi yana iya zuwa daga wasu gishirai dabam, don haka idan ruwan rijiya ne ko na burtsatse, kai shi a auna shi ne zai nuna miki abin da ke ciki da yawansa.

Hana kanta dawowa kuwa ya fi cire ta sauƙi nesa ba kusa ba, domin sabuwar kanta siririya ce, tsami kaɗan yake ɗauke ta. Sau ɗaya a mako ki zuba kofin ruwan khal ko cokalin sitirik asid da dare, ki goga da safe, ki fi mai da hankali ga layin ruwa da ƙarƙashin baki. Idan kina son amfani da bilic don kashe ƙwayoyin cuta, ki ware masa ranarsa dabam. A riƙa jan ruwa bayan kowane fitsari, saboda fitsarin da ya daɗe a ruwa mai nauyi yana haifar da tasa kantar mai launin rawaya da wari, kuma masan da ba a cika shiga ba a riƙa ja masa ruwa lokaci zuwa lokaci don kada ruwansa ya ƙafe ya bar zobe. Mai hali yana iya sa na'urar tausasa ruwa a inda bututu ya shigo gida, wadda take musanya kalsiyam da sodiyam, sai dai tana buƙatar a riƙa ƙara mata gishiri, kuma yana da kyau a bar famfo ɗaya da bai bi ta cikinta ba domin ruwan sha, musamman idan akwai jariri a gidan ko wanda likita ya hana shi yawan gishiri.