Neman kalmar Hausa: me za mu kira "assentation"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana neman Hausar kalmar Ingilishi "assentation". Tsohuwar kalma ce, ko Turawan ma ba kasafai suke amfani da ita ba sai a rubutu mai nauyi. Asalinta Latin ne, daga "assentari". Ma'anarta mutum ya riƙa amsa duk abin da na sama da shi ya faɗa, ba don ya gamsu ba, sai don neman shiga. Fadanci zai wadatar?

Malamin nahawu: Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓa, a warware ta, domin abu uku ne a ƙunshe. Akwai amsawa, wato wani ne ya fara magana kai kuma ka bi. Akwai rashin auna maganar: bakin mai gida bai rufe ba an ce "haka ne, ranka ya daɗe". Sai kwaɗayi da ƙasƙantar da kai. Kalmar da ta rasa ɗaya cikin ukun ba ta cika ba. Fadanci ya ɗauki na ukun, amma ya yi faɗi. Rakiya, kai gaisuwa, gyara wa babba zama, duk fadanci ne, kuma bafade a fada aikinsa yake yi, ba abin zargi ba ne.

Tafinta: Malam ya yi gaskiya. A kula da wani tarko kuma. Kalmar ta yi kama da "assent", wadda ake amfani da ita idan shugaban ƙasa ya sa hannu a kan ƙudurin doka. Mai gaggawa sai ya rubuta "amincewa", zargin da ke cikin jimlar ya ɓace, suka ta koma yabo. 'Yan'uwa masu fassara a Nijar su ma su lura, "assentiment" na Faransanci amincewa ce zalla, ba ita ake nema ba.

Mai tambaya: To bambaɗanci ko tumasanci fa?

Malamin nahawu: Bambaɗanci mai yi ne yake fara magana. Shi yake kawo kirari, ya wasa mutum, a ba shi. Mai "assentation" kuwa bai zo da komai nasa ba, jira yake a faɗa ya amsa. Tumasanci ya fi kusa ta fuskar kwaɗayi, amma babu amsawa a cikinsa. Daɗin baki kuma sau da yawa na sama ne ma yake yi wa na ƙasa.

Hajiya, editar labarai: Ni dai ina ganin Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna: amshin Shata. Masu amshin marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, abin da ya ba su shi suke mayarwa, ba ragi ba ƙari. A wurinsu sana'a ce mai daraja, amma da aka ɗauko maganar zuwa siyasa sai ta zama zargi. Shi ya sa idan majalisa tana wuce da duk abin da ɓangaren zartarwa ya aiko ba tare da muhawara ba, ake ce mata 'yar amshin Shata. Mai sauraron rediyo ba ya bukatar a yi masa bayani.

Tafinta: Hajiya, a labarai ta zauna daram. Inda take ba da matsala shi ne fassarar tsohon rubutu. Idan Baturen ƙarni na 18 yana yi wa ɗansa nasiha, ka sa masa Shata a baki, mai karatu zai yi tuntuɓe. Sannan ba dole ne ta nuna kwaɗayi ba, ana iya zama ɗan amshin Shata don tsoro kawai.

Malamin nahawu: To a haɗa biyun: amshin fadanci. "Amshi" ya ɗauki bin maganar wani ba tare da aunawa ba, "fadanci" ya kawo neman shiga. A gwada a jimla: "Shawarar da suka ba gwamna amshin fadanci ce kawai." "Ya gaji da masu yi masa amshin fadanci." Aikatau ɗinta "yi wa", mai yi kuma "mai amshin fadanci", jam'i "masu". Kada a ƙirƙiro irin su "hakanenci" daga "haka ne". Ƙa'idar ɗafa "-anci" ta yarda, amma kunne zai ji "haka nan", a rikice.

Hajiya, editar labarai: Na karɓa, Malam, da sharaɗi ɗaya: kada a jawo kara cikin wannan. Yarinyar da ta ce "to" ga surukarta alhali ranta bai so ba, ko ɗalibin da ya yi shiru bai musa wa malaminsa a gaban jama'a ba, kara suka yi da kunya, babu abin da suke nema. Idan rubutun Ingilishin irin wannan yake nufi, "kara" za a sa, ko "kawaici".

Mai tambaya: Madalla, Allah ya ƙara basira. An shigar da "amshin fadanci" a matsayin fassara ta farko, "amshin Shata" ta biyu da alamar cewa ta siyasa da aikin jarida ce, sannan an sa gargaɗin Tafinta game da "amincewa" a ƙarƙashinsu.