Neman shawara: abokiyar zama ga macen ɓeran Masar da ta rasa ƴar'uwarta

Maman Zeinabu, Birni: Assalamu alaikum, ƴan zaure. Shekara uku ke nan muna kiwon ɓerayen Masar mata guda biyu, uwa ɗaya, waɗanda maigidana ya kawo wa yara daga Mirya. Ranar Litinin muka wayi gari ɗaya ta mutu, kuma tun daga ranar wadda ta rage ta lafe a lungun keji, ta daina kukan da take yi idan ta ji motsin leda, abincinta ma sai ta ɗan taɓa ta bari. Yara sun matsa mini in je kasuwar Dole ranar Alhamis in sayo wata, ni kuwa na fi son in karɓi wadda wani gida ya gaji da riƙonta. Ina neman shawararku.

Malam Laminu, Zango: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Maman Zeinabu. Kafin a kai ga maganar abokiyar zama, rashin cin abincin ne ya fi tayar mini da hankali, domin ɓeran Masar dabba ce da hanjinta ba ya son hutu, idan ta yi yini guda cur ba ta ci ba, cikinta yana iya tsayawa, daga nan kuma abin yakan yi wuyar gyara. Ki riƙa miƙa mata ɗanyar ciyawa da yankakken tattasai da hannunki, ki kuma auna ta a sikelin kicin kowace safiya. Babbar mace takan kai tsakanin giram 700 zuwa 900, kuma idan kika ga nauyin yana sauka kullum, to, ba kewa kaɗai ba ce. Sannan me ya kashe ta farkon? Idan cuta ce mai yaɗuwa, kawo sabuwa yanzu zai zama jefa ta cikin wuta.

Maman Zeinabu, Birni: Malam, ba mu ga mura ko zawo a jikinta ba. Sai dai kejin yana ƙarƙashin rumfar kwano, kuma ranar Lahadi an yi zafi ƙwarai.

Malam Laminu, Zango: To, zargina ya fi karkata ga zafin. Asalin waɗannan dabbobi tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda ake da sanyi, ba Masar ba duk da sunan da muka laƙaba musu. Da zarar zafi ya kusanci digiri 30 sukan fara galabaita, mu kuwa a Damagaram watan Afrilu da Mayu ya kan haura 40. Ki mayar da kejin ɗakin ƙasa, kusa da randa, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya yadda za ta iya kwanciya a kai ko ta kauce idan ta ga dama.

Habibu, Sabon Gari: Inna, ni ina da ƴaƴan zomo guda huɗu, zan iya ba ki ɗaya kyauta, tunda na ga gidaje da dama suna haɗa su keji ɗaya. In kuma ɓeran ne kike so, ki samo namiji, ko ba komai yara za su samu ƴaƴa.

Hajiya Rabi, Garin Malam: Habibu ɗana, an gode da kyautar, amma duka shawarwarin biyu ina da ja a kansu, kuma na yi shekaru ina aikin kula da lafiyar dabbobi kafin in ajiye aiki. Zomo ya fi ta ƙarfi, shuri ɗaya da ƙafar baya yana iya karya mata ƙashi, yana kuma ɗauke da wata ƙwayar cutar numfashi da ba ta cika damunsa ba amma takan kashe ɓeran Masar. Abincinsu ma ba ɗaya ba ne, domin jikin zomo yana haɗa bitamin C da kansa, ita kuwa dole sai ta samu a tattasai, ko gwaiba, ko ɗanyen ganye.

Maganar namiji ta fi wannan haɗari. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba har ta wuce kamar wata bakwai, ƙashin ƙugunta yakan ƙage, ga shi kuma ƴaƴansu manya suke zuwa, da gashinsu da haƙoransu, bayan ciki na wajen kwana 59 zuwa 72. Mai shekara uku idan ta ɗauki ciki na fari, sau da yawa naƙudar ce ajalinta. Saboda haka mace za a nema, kuma ƙarama ta fi sauƙin karɓuwa. A duba jinsin da kyau, kada a dogara da bakin mai bayarwa: idan aka danna ƙasan mara a hankali, gaban namiji yakan fito. Na sha ganin wanda aka ce masa mata biyu ya saya, bayan wata biyu ya tarar da biyar.

Malam Laminu, Zango: Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne kada a bar ta ita kaɗai har abada, tunda sukan yi shekara biyar zuwa bakwai. A ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana ajiye ɓeran Masar guda ɗaya tal, har akwai masu ba da aron abokin zama ga wanda nasa ya mutu.

Nana Aisha, ɗaliba a Jami'ar André Salifou: Mama, maƙwabtanmu suna shirin komawa Yamai, kuma suna da mace ƴar wata huɗu da yaransu suka daina kulawa da ita, tana cikin kwali sai dusa kawai ake zuba mata. Na tambayi matar gidan, ta ce kyauta za ta bayar. Ita kaɗai take tun tana ƴar mako uku, don haka da wuya a ce tana da ciki. Sai dai gashin bayanta ya ɗan zube kuma tana yawan susa.

Hajiya Rabi, Garin Malam: Irin wannan ce ta dace, amma susar nan tana iya zama ƙazuwa, don haka a fara kai ta wajen likitan dabbobi, kuma a ware ta a wani ɗaki na mako biyu zuwa uku. Ina roƙonku kada kowa ya ba ta maganin mutane daga tebur, musamman amoksisilin da ampisilin, domin dangin penisilin suna kashe ƙwayoyin da ke taimakon hanjinsu, dabbar ta mutu cikin ƴan kwanaki. Ranar haɗuwa kuma kada ki jefa baƙuwar cikin kejin tsohuwar. Ki shimfiɗa tabarma a wurin da babu warin ɗayansu, ki tara ciyawa a tsakiya, ki sake su tare. Za ki ga gurnani da bin juna, har ɗaya ta hau ɗaya, duk neman sanin babba ne, kada ki raba su sai idan an fitar da jini, kuma da zane za ki raba, ba da hannu ba. Kafin su koma, a wanke kejin tas, a sa kwanon abinci biyu da maɓoya biyu.

Maman Zeinabu, Birni: Na gode, Hajiya, na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Na mayar da kejin kusa da randa, kuma da yamman nan ta cinye rabin tattasai daga hannun Zeinabu. Nana Aisha, ki gaya wa matar cewa zan zo gobe bayan la'asar da kwando mai murfi, daga can mu wuce wajen likita.