Neman shawara: da wane murjani zan fara a akwatin ruwan gishiri?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekara 3 ke nan ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a ɗakina nan Damagaram, to bana yayana ya kawo min akwatin gilashi mai cin lita 120 da fitila da famfon juya ruwa da buhun gishirin teku, ni kuma tun ranar da na ga murjani mai rai a bidiyo yana buɗewa yana rufewa cikin ruwa hankalina bai kwanta ba, da can murjanin wuyan amare kawai na sani. Sati 2 da haɗa ruwan, na jera duwatsu. Mai turo min daga Legas ya aiko hotuna, wani shuɗi mai rassa wai Acropora shi ya shiga raina. In saya ne?

Malamin SVT:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar Acropora tukuna, yana cikin waɗanda suka fi wuyar sha'ani, ruwa ya ɗan canja kaɗan sai ka wayi gari ya zama farin ƙashi. Murjani dabba ne, amma cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan gansakuka da ke haɗa masa abinci da haske, in zafi ya yi yawa sai ya kore su, farin da kake gani ke nan. Kuma sati 2 bai isa ba, ka ba ruwan sati 4 zuwa 6 sai ƙwayoyin bakteriya da ke cinye amoniya, wato gubar da ƙazantar cikin ruwa ke haifarwa, sun zauna cikin duwatsun, ka gwada ka ga amoniya da nitirit, gubar da amoniyar ke rikiɗewa ta zama, sun koma sifili. Gishiri giram 35 a kowace lita, a ma'aunin nauyin ruwan gishiri 1.025. Ban ce gishirin Bilma ko na miya ba fa, wannan na buhun da aka kawo maka.

Ɗan Birni a Marsai:
Gaskiya malam ya faɗa. Ɗan uwa fara da masu taushi waɗanda ba su da ƙashi. Na farko Discosoma, kamar laimar kwaɗi yake, akwai ja akwai shuɗi akwai mai ɗigo-ɗigo, ba ya son haske mai ƙarfi, ka sa shi ƙasa-ƙasa inda ruwa ba ya bugu sosai, ni ɗaya na saya da kansa ya yi ta haihuwa har ya cika dutsen. Sai Sarcophyton mai kama da fata, wannan ina sonsa wallahi amma bari in faɗa maka halinsa tun yanzu, wata rana zai rufe ruf ya yi sheƙi kamar an shafa masa man kaɗe, kwana 3 har sati yana haka, ranar da nawa ya fara na zauna gaban gilashi kamar mai jinya har na ɗauko roba zan fidda shi, ashe saɓa yake, wata 'yar fata siririya ta saɓule ya sake buɗewa ya fi da kyau. In bai yi wari ba bai narke ba, ƙyale shi.

Wancan da ka gani yana buɗewa yana rufewa ina zaton Xenia ne. Shi da koren murjanin nan da ake ce wa GSP (Green Star Polyps) ba su da wuya, sai dai suna yaɗo kamar ciyawar damina, ka ware musu dutsensu can gefe kar ya taɓa sauran.

Yaya Nas:
Ƙanena za a tallata maka zoa da Palythoa, masu kama da ƙananan furanni, su ma na sabon shiga ne. Amma wasunsu na ɗauke da dafi mai suna palitoksin, mai tsanani ne ƙwarai. Safar hannu da tabarau kafin ka taɓa, in kana da ciwo a hannu kar ka tsoma, kuma kar ka kuskura ka tafasa dutsen da suke kai, tururin ma yana kai mutum asibiti. In akwai yara a gidan ni dai na fi son ka haƙura da su.

Mai Sola:
Duk abin da suka ce haka ne amma ni abin da ya kashe nawa zafin garin nan ne. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa watan 4 da na 5 sai mu wuce 40. Ranar kuran ya ɗauke tun azahar ina kasuwa, na dawo da magariba famfo a tsaye, ma'auni na nuna 33, Xenia ɗina ya narke kamar kunu, ruwan ya yi hazo, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kafin ka kashe ko jika ɗaya kan murjani ka nemi batir da panon sola na famfo, da ƙaramin vantilater da zai riƙa hura saman ruwa, ka ajiye goran ƙanƙara rufaffu a firigo saboda irin wannan rana. In ɗakin da kilim ya fi. Ruwa zai riƙa raguwa da sauri, ka cika da ruwa mara gishiri don gishirin bai tafi ko'ina ba, kuma tataccen ruwa na injin osmos, ba na pampo ko na 'yan garuwa ba. Sannan ka bari sai hunturu a turo maka, leda daga Legas ta biyo Kano ta shigo nan cikin bazara dafaffe za ta iso, amma da dare lokacin sanyin ka sa abin ɗumama ruwa.

Ɗan Zango:
Allah ya saka da alheri, na fasa Acropora. Zoa ma na bari saboda ɗiyan yayana kullum suna ɗakin. Discosoma da Sarcophyton zan ce ya ajiye min sai watan 12. Guda nawa zan sa a tashin farko?

Ɗan Birni a Marsai:
2 ko 3 ƙanana sun isa. In sun iso bar ledar ta yi iyo a saman ruwa kamar minti 20 kafin ka buɗe, ka rage fitila kwanakin farko, kuma duk sati ka canja lita 12. Turo mana hoto in sun buɗe.