Da ikilisiyarku ta zauna ba fasto, wa ya riƙe ta?

Sabon Dattijo: Salama gare ku, 'yan'uwa. An yi wa fastonmu canjin wurin aiki tun kafin damina, sabo bai iso ba tukuna. Dattawa ke riƙe da mu, ni kuma bana aka zaɓe ni. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, ku faɗa mana yadda kuka yi.

Baba daga Mubi: Ɗana, Allah ya ba ka ƙarfi. Mu 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram suka ci Mubi, har hedikwatarmu ta Kwarhi ta faɗa hannunsu. Wasu suka haura duwatsu zuwa Kamaru, shugabanninmu suka koma Jos, mu kuma sai Yola, ba fasto, ba mai bishara. Wani dattijonmu manomi, firamare kaɗai ya gama, shi ya tara mu gindin darbejiya ranar Lahadi. Wa'azinsa bai fi karanta Zabura da addu'a ba. Amma ya samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana bin mu gida gida: wa ya iso, wa ba a ji labarinsa ba, wace mace ta rasa miji, 'ya'yanta nawa. Da taimakon masara ya zo, da wannan littafi aka raba, mudu mudu, gwauraye a gaba, babu wanda ya yi gunaguni. Ka karanta Ayyukan Manzanni sura 6. Saboda rabon abincin gwauraye aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus. Aikinku ke nan tun asali.

Maman Zumunta, Kafanchan: Baba, sannu da abin da kuka gani. Ni ma ina da magana. A wurinmu dattawa duk maza ne, amma wa ya san gidan da ba a hura wuta ba jiya? Zumuntar mata. Da muka zauna ba fasto, duk mako shugabar mata takan kai wa dattawa labarin marasa lafiya da masu jego, su kuma su raba ziyara tsakaninsu. Bulus da kansa ya yaba Fibi, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, a Romawa 16. Ɗana, kada ku yi zaman shawara kan jin ƙai ba tare da kun kira iyayenku mata ba.

Malamin Makarantar Lahadi, Zariya: Namu bai yi daɗi ba, kuma kuɗi ne sanadi. Dattijo ɗaya ya riƙe makullin akwatin baiko da littafin lissafi. Ban ce ya ci ba, har yau ban yarda ya ci ba. Amma da aka nemi rahoto ya ji an raina shi, maganganu suka yi yawa, iyalai biyu suka daina zuwa sujada. Abin ya yi mini ciwo, don mutum ne mai ƙaunar Ubangiji. Daga baya muka tsara: mutum uku su ƙirga baiko nan take bayan sujada, kowa ya sa hannu, mai ajiya daban, mai rubutu daban, a karanta wa jama'a rahoto duk ƙarshen wata. Wannan kariya ce ga dattijon kansa. Shi ya sa 1 Timoti 3 ta ce a fara gwada masu hidima kafin a ba su aikin.

Ɗan Mawaƙa, Gombe: Abu ɗaya zan ƙara, Baba Dattijo. Baftisma da ɗaurin aure da jibin Ubangiji mun bar wa rabaran daga gunduma, mukan gayyato shi tun da wuri. Wa'azi kuwa dattawa suka yi ta karɓa-karɓa, har suka ba matasa ranar Laraba. A nan wani saurayinmu ya fara tsayawa gaban jama'a, yanzu yana makarantar Littafi Mai Tsarki, ikilisiya ke biyan kuɗinsa.