Koyarwa ta intanet a jami'o'in gwamnati: za ta iya ɗorewa kuwa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta rufe makarantu saboda annobar korona, daga baya kuma Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun bi umarnin har suka kammala zangon karatu, amma yawancin na gwamnati ba su buɗe ba sai a Janairun 2021. Ina roƙon malamai da ɗalibai su gaya mana, shin wannan tsari zai iya ɗorewa a jami'o'in gwamnati, ko kuwa abu ne na larura kawai?

Malamin Sinadarai ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ba a yi wa tsarin gwajin adalci ba, domin a ranar 23 ga Maris ɗin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani a kan tsarin albashi na IPPIS da wasu buƙatu, ba ta janye ba sai ranar 23 ga Disamba, don haka ko da an tanadi kayan aiki, babu mai koyarwa. Bayan dawowarmu na koyar da babban aji ta Zoom, amma na kyauta yana katsewa bayan minti 40, kafin a sake haɗuwa kuma wasu ɗaliban sun ɓace. Aikin ɗakin gwaje-gwaje kuwa ba ya yiwuwa ta waya, sai ɗalibi ya riƙe kwalba da hannunsa.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe ta amsa:

Allah ya ƙara wa malam lafiya, amma a ganina babbar matsalar tana ɓangarenmu ne. A 2019 an ƙaddamar da tashar wutar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, abin a yaba ne, sai dai wutar tana cikin harabar makaranta, alhali annoba ta mayar da ɗalibai gidajen iyayensu. A garinmu sai na kai wayata shagon mai caji na biya, sannan na nemi wajen da sabis yake kamawa, datar da ake sa ran ta kai ni mako kuma laccar bidiyo biyu ke cinye ta. Malamin da na fi amfana da shi shi ne wanda yake naɗar muryarsa ya turo ta WhatsApp tare da takardar darasi, na sauke da dare, na saurara sau nawa na ga dama.

Tsohon Ma'aikacin Jami'a ya amsa:

Maganar 'yata ita ce gaskiya. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, ta daɗe tana koyarwa daga nesa, kuma abin da ya riƙe ta shi ne rubutattun darussan da ɗalibi zai sauke ya karanta a lokacinsa, da cibiyoyin karatu a jihohi inda ake zuwa rubuta jarrabawa. Idan sauran jami'o'i suka mayar da darussan gama-gari na GST, waɗanda ɗaruruwan ɗalibai ke cunkushewa a kansu, zuwa wannan salo, za a rage kuɗin mota da na hoton takardu, a bar gwaje-gwaje da jarrabawa ido da ido. Sharaɗin shi ne kuɗin data da na horar da malamai su shiga kasafin kowace shekara, kada a jira wata annobar.